Yadda Ake Zaɓen Binciken Lafiyar da Ya Cancanci Kuɗi: Jagora Mataki-mataki

Fiye da shekara 30 likitoci a ƙasashe da dama suna ɗura wa waɗanda suka ji mummunan rauni a kai maganin siteroyid, da tunanin zai rage kumburin ƙwaƙwalwa. An yi ƙananan gwaje-gwaje a kan haka, amma da Phil Alderson da Ian Roberts suka tattara su wuri guda a 1997, sai aka ga babu amsa: mai yiwuwa maganin yana ceton rai, mai yiwuwa kuma yana ƙara kisa. A 1999 aka fara babban gwajin da ake kira CRASH, da niyyar shigar da majinyata 20,000. An tsayar da shi a 2004 bayan an shigar da 10,008 a asibitoci 239 na ƙasashe 49, domin kashi 21.1 cikin 100 na waɗanda aka ba maganin sun mutu cikin mako biyu, alhali a ɓangaren da ba a ba shi ba kashi 17.9 ne. Ashe abin da aka ɗauka taimako ne cutarwa yake yi.

Wani ne ya zauna ya yanke cewa wannan tambayar ce za a kashe wa kuɗi, wasu tambayoyin kuma su jira. Duk hukumar da ke ɗaukar nauyin binciken lafiya tana cikin wannan hali kowace shekara: shawarwari sun yi tsibi a kan teburi, kuɗin kuma bai kai ya ɗauki rabinsu ba. Shirin tantance fasahohin kiwon lafiya na Birtaniya, wanda aka kafa a 1993, da hukumar NICE mai tantance magunguna da hanyoyin jinya ga tsarin lafiyar ƙasar, wadda ta biyo baya a 1999, su ne wuraren da aka fi gwada hanyoyin tattalin arziki na yin wannan zaɓi, kuma daga can na ɗauko yawancin abin da ke cikin jagoran nan. Ginshiƙin maganar guda ne: bincike yana da daraja ne gwargwadon yadda sakamakonsa zai iya sauya shawarar da ake yankewa a kan majinyata. Girman cuta kaɗai bai isa ba, haka ma girman jahilcinmu a kanta.

Mataki na 1: Mayar da batu ya zama shawarar da wani zai yanke

"Mu yi bincike a kan hawan jini" ba tambaya ba ce, kan magana ne. Kafin ka taɓa lissafi, rubuta kowace shawara a jimla ɗaya da ta faɗi su wane ne majinyatan, mene ne sabon abin da ake son gwadawa, da me za a kwatanta shi, kuma wane sakamako ake kallo. Ka ƙara abu na biyar da mutane ke yawan mantawa: wa zai yi aiki da amsar? Kwamitin jerin magunguna ne, ko hukumar inshorar lafiya, ko likitan ɗakin gaggawa? Idan ka rasa sunan mai yanke shawarar, ajiye takardar gefe tukuna.

Kalmar fasaha a nan tana da faɗi. Ta haɗa da magani, allurar rigakafi, na'ura, aikin tiyata, gwajin jini, har da tsarin yadda ake karɓar marasa lafiya.

Mataki na 2: Tankaɗe na farko

Ba kowace shawara ce za ta samu cikakken lissafi ba, domin shi kansa lissafin yana cin lokaci da kuɗi. Don haka ake fara tankaɗe da ma'aunai masu sauƙi. Na farko shi ne nauyin cuta: mutum nawa take kamawa, rai nawa take ɗauka, shekarun lafiya nawa take cinyewa. Ma'aunin DALY, wato shekarun lafiya da aka rasa saboda cuta ko mutuwar wuri, wanda ya shahara bayan rahoton Bankin Duniya na 1993, shi ake yawan amfani da shi. Na biyu shi ne saɓanin aiki tsakanin asibitoci. Charles Phelps da Stephen Parente sun nuna a 1990 cewa idan wani yanki yana yin wata tiyata ninkin yadda maƙwabcinsa ke yi ba tare da wani dalili na cuta ba, to ɗaya daga cikinsu yana kan kuskure, kuma ana iya ƙiyasta asarar da hakan ke jawowa.

Ka yi amfani da waɗannan don zubar da abin da bai kai ya kawo ba, amma kada ka tsaya a nan. Cuta tana iya zama babba ƙwarai alhali an riga an san maganinta sarai. Gidan sauro mai magani yana rage mutuwar yara, manyan gwaje-gwajen da aka yi a Gambiya da Ghana da Kenya a shekarun 1990 sun gama wannan maganar. Sake gwada shi ɓarnar kuɗi ce, komai yawan zazzaɓin cizon sauro. Nauyin cuta yana gaya maka girman matsala, ba ya gaya maka ko ƙarin sani zai rage ta.

Mataki na 3: Tattara abin da aka riga aka sani

Nemi duk gwaje-gwajen da aka yi a kan tambayar, ka haɗa sakamakonsu bisa ƙa'ida, ka duba rajistar gwaje-gwaje ko wani yana kan yin irinsa yanzu. Iain Chalmers da Paul Glasziou sun ƙiyasta a 2009 cewa kusan kashi 85 cikin 100 na kuɗin binciken lafiya yana salwanta, kuma cikin dalilan da suka kawo akwai fara sabon bincike ba tare da duba na baya ba.

Abin da kake nema daga wannan mataki abu biyu ne: ƙiyasin tasirin maganin, da faɗin shakkar da ke kewaye da ƙiyasin. Na biyun shi ne jarin duk lissafin da zai biyo baya. Inda babu gwaji ko ɗaya, ana tambayar ƙwararru ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi mafi ƙanƙanta da mafi girman tasirin da yake ganin zai yiwu, ba tare da ya ji amsar ɗan'uwansa ba. Idan ka tara su ɗaki guda, babban cikinsu ne zai yi magana, sauran su gyaɗa kai.

Mataki na 4: Tsayar da ma'auni ɗaya da farashinsa

Ba za ka iya kwatanta binciken ciwon daji da na tabin hankali ba sai an auna su da mudu ɗaya. A Birtaniya mudun shi ne QALY, wato shekara guda ta rayuwa cikin cikakkiyar lafiya. Shekara guda cikin rabin lafiya rabin QALY ce. Sannan sai ka san nawa tsarin lafiyar ƙasar ke kashewa kafin ya samar da QALY ɗaya, domin duk kuɗin da aka ba bincike ko sabon magani an hana wani majinyaci ne a wani wurin. A baya NICE ta yi shekaru da yawa tana aiki da fam 20,000 zuwa 30,000, amma binciken da Karl Claxton da abokan aikinsa na Jami'ar York suka wallafa a 2015 ya nuna ainihin adadin a hukumar lafiya ta Ingila ya kusa fam 13,000.

Wannan adadi ba ya tsallaka iyaka. Ƙasar da kasafin lafiyarta ƙarami ne tana sayen shekarar lafiya da kuɗi kaɗan, ta hanyar rigakafi da awon ciki da makamantansu, don haka ma'auninta ya kamata ya yi ƙasa sosai. Tsohuwar ƙa'idar da ke cewa farashin shekarar lafiya guda ya zama ninki ɗaya zuwa uku na abin da kowane ɗan ƙasa ke samarwa a shekara ta yi yawa ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma ma'aikatan Hukumar Lafiya ta Duniya da kansu sun yi gargaɗi a 2016 cewa kada a riƙe ta ita kaɗai wajen yanke shawara.

Mataki na 5: Lissafa abin da shakka ke ci mana

A nan zan daɗe, domin wanda ya gane wannan mataki ya gane sauran. Ɗan kasuwar da zai kai buhunan masara wata kasuwa mai nisa zai biya a gaya masa farashin can ne kawai idan labarin zai iya sa shi fasa tafiya. In ko farashin ya tashi ko ya faɗi zai je, to labarin bai da amfani gare shi, ko kobo ba zai biya ba.

Ga misali da alƙaluman da na ƙirƙira don koyarwa kawai. A ce akwai sabon magani da tsoho, farashinsu ɗaya. Shaidar da ke hannu ta ce gaskiyar lamarin tana iya zama ɗaya cikin hali biyar, kowanne da damarsa daidai da sauran. A cikin majinyata 1,000, sabon maganin zai ceci ƙarin rai 30 a hali na farko, 20 a na biyu, 10 a na uku. A na huɗu zai jawo ƙarin mutuwa 5, a na biyar 15.

Haɗa su: 30 da 20 da 10 sun ba da 60, cire 20, saura 40, raba biyar, ka sami 8. A matsakaici sabon maganin yana ceton rai 8 cikin 1,000, don haka in yau za a yanke shawara, shi za a ɗauka. Wannan shawara daidai ce da abin da aka sani. Amma a hali biyu cikin biyar kuskure ce. Da a ce akwai mai gaya mana wane hali muke ciki, da a waɗannan halaye biyun mun tsaya kan tsohon magani, mun kauce wa mutuwa 5 a ɗaya da 15 a ɗayan. Haɗa ka sami 20, raba biyar, ka sami 4. Rai 4 cikin kowane majinyata 1,000 shi ne abin da rashin sani ke ci mana, kuma shi ne ƙololuwar abin da kowane bincike zai iya dawo mana da shi. Masana na kiran wannan adadi darajar cikakken bayani, suna taƙaita shi da EVPI.

Yanzu sauya alƙaluman. A ce halayen biyar su ne 60, 40, 20, 10 da 2, duka ceton rai. Shakkar ta fi ta farko faɗi, tsakanin 2 da 60 akwai tazara mai yawa. Amma a kowane hali sabon maganin ne ya yi nasara, don haka darajar ƙarin bayani sifili ce. Masanin kimiyya zai so ya san ainihin adadin, kuma ba laifi ba ne ya so, amma babu majinyaci ɗaya da za a sauya wa magani saboda amsar. Kwamitoci da yawa suna zuba kuɗi a irin wannan tambaya saboda takardar neman tallafin ta ce "ba a san girman tasirin ba", kuma gaskiya ta faɗa. Abin da ya kamata a tambaya shi ne ko rashin sanin yana iya juya shawara.

A aikace ba hali biyar ake amfani da su ba. Ana gina samfurin lissafi a kwamfuta, a ba kowane adadi faɗin shakkarsa, a sa kwamfutar ta zaɓo haɗuwa 5,000 ko 10,000. A kowace haɗuwa a rubuta ribar kowane zaɓi bayan an cire kuɗinsa da ma'aunin mataki na 4. Matsakaicin mafi kyawun zaɓi na kowace haɗuwa, a cire masa ribar zaɓin da ya fi a matsakaici, shi ne amsar. Ana iya yin haka a Excel. Idan lokaci ya ƙure kuma babu halin gina cikakken samfuri, ana iya yin lissafin kai tsaye daga haɗaɗɗen sakamakon mataki na 3 a kan abu ɗaya, kamar mutuwa. Claxton da abokansa sun nuna hakan da labarin siteroyid ɗin nan, inda suka koma kan shaidar da ake da ita kafin CRASH suka ƙiyasta rayukan da shakkar ke ci a shekara.

Mataki na 6: Ninka da yawan mutane da tsawon shekaru

Sani ba ya ƙarewa da amfani, duk majinyacin da zai zo nan gaba zai ci moriyarsa. Mu ci gaba da misalinmu. A ce mutum 5,000 ke kamuwa da ciwon a shekara: rai 4 cikin 1,000 ya zama rai 20 a shekara. A ce tambayar za ta ci gaba da amfani shekara 10 kafin wani sabon magani ya shafe ta: rai 200. Sai a rage darajar na nan gaba, domin a irin wannan lissafi ribar yau ta fi ta badi nauyi. Da kashi 3.5 cikin 100 a shekara, adadin da NICE ke amfani da shi, 200 ya koma kusan 166.

Ga wurin da ake yawan kumbura lissafi. Binciken ba gobe zai fito ba. Idan zai ɗauki shekara 4, majinyatan waɗannan shekarun ba su amfana da komai ba, saura shekara 6, kuma rayukan sun sauko zuwa kusan 93. Idan kowane rai da aka ceta zai samu shekara 15 ta lafiya, jimla ta kai QALY 1,395, a kan fam 20,000 kowanne ya kusa fam miliyan 28. Duk binciken da kuɗinsa ya haura wannan, a ƙi shi nan take. Wanda kuma zai fito bayan an daina amfani da maganin, ihu ne bayan hari.

Tsawon shekarun nan ƙiyasi ne kawai, don haka ka gwada 5, 10 da 15 ka ga ko matsayin shawarar zai motsa.

Mataki na 7: Gano wane giɓi ne ke jawo asarar

Samfuri yana ɗauke da adadi iri-iri: tasirin magani, illolinsa, tsawon kwanciya a asibiti, ingancin rayuwa bayan sallama, farashi. Ba dukansu ne ke juya shawara ba. Akwai lissafin da ke raba darajar bayani bisa kowane rukuni, ana taƙaita shi da EVPPI. A da yana cinye kwanaki a kwamfuta, amma tun 2014 Mark Strong da Jeremy Oakley da Alan Brennan na Jami'ar Sheffield suka fito da gajeriyar hanya, kuma akwai manhajarsu ta kyauta a intanet mai suna SAVI da za ka ɗora wa sakamakon samfurinka. Masu amfani da manhajar ƙididdiga ta R suna da kayan aiki mai suna BCEA.

Amfaninsa a aljihu yake. Idan shakkar tana kan tasirin magani, sai babban gwaji da rarraba majinyata ta hanyar ƙuri'a, mai tsada. Idan tana kan yawan kwanakin asibiti ko ingancin rayuwa, duba fayilolin marasa lafiya ko yi musu tambayoyi na iya wadatarwa da kaso kaɗan na kuɗin.

Mataki na 8: Auna binciken da za a iya yi da gaske

Babu gwajin da ke kawar da shakka gaba ɗaya. Gwajin mutum 500 zai rage kaɗan, na mutum 5,000 zai rage da yawa, amma kowane ƙarin majinyaci yana ƙara sani ƙasa da wanda ya gabace shi, kuɗinsa kuwa bai ragu ba. Lissafin EVSI yana ƙiyasta darajar gwaji mai wani girma takamaimai. Cire kuɗin gwajin, abin da ya rage shi ne ribarsa. A misalinmu, idan gwajin fam miliyan 3 zai warware kashi 60 cikin 100 na shakkar, darajarsa ta kusa fam miliyan 17, ribarsa kusan miliyan 14. Gwada girma uku ko huɗu ka ɗauki wanda ribarsa ta fi.

Cikin kuɗin gwaji ka sa har da abin da ba ya cikin takardar kasafi: majinyatan da za a ba zaɓin da a yau ake ganin shi ne na baya, da waɗanda ke waje suna jira idan an dakatar da maganin har sai sakamako ya fito. Akwai kuma akasin haka. Da zarar an amince da magani ga kowa, da wuya likita ko majinyaci ya yarda a shiga ƙuri'ar da za ta iya hana shi, sai damar gwajin ta rufe. Shi ya sa NICE ke da hukuncin "a yi amfani da shi cikin bincike kaɗai".

Mataki na 9: Tambayi kanka ko matsalar rashin sani ce ko rashin aiki da sani

Koma kan misalin. Sabon maganin yana ceton rai 8 cikin 1,000 a matsakaici. A ce kashi 40 cikin 100 na majinyata 5,000 ne kawai ke samunsa. Mutum 3,000 ba sa samu, wato rai 24 a shekara, fiye da 20 ɗin da shakka ke ci. A irin wannan hali, kuɗin da aka kashe wajen kai maganin asibitoci da horar da ma'aikata na iya fin sabon gwaji riba, kuma ribar daga bana za ta fara.

Zubar jini bayan haihuwa ya nuna wannan a zahiri, kuma ya shafe mu kai tsaye. Gwajin WOMAN, da mata 20,060 a ƙasashe 21 ciki har da Nijeriya, ya nuna a 2017 cewa allurar tranexamic acid tana rage mutuwa daga zubar jini, musamman in an yi ta cikin awa 3, kuma a shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta shawararta. Tambayar da ta rage ita ce yadda za a gane zubar jinin da wuri a kuma haɗa magungunan da aka sani a lokaci guda. Ita gwajin E-MOTIVE ya ɗauka, a asibitoci 80 na Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da hannun Jami'ar Bayero ta Kano. An shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai ma'auni da ke tara jinin a gan shi da ido, da ya kai alama a ba da dukan matakan tare. Sakamakon 2023 ya nuna raguwar kusan kashi 60 cikin 100 na mummunan zubar jini da abin da ke biyo bayansa. Babu sabon magani ko ɗaya a ciki. Ga ƙasashen da kuɗin bincikensu kaɗan ne, ina ganin yawancin riba tana irin wannan wuri.

Mataki na 10: Jera su, ka kai gaban kwamiti

Ga kowace shawara rubuta kuɗinta, QALY ɗin da ake sa ran za ta samar, da kuɗin kowane QALY. Jera daga mafi araha, ka sauko har kasafi ya ƙare. Ka nuna a fili waɗanda suka faɗo ƙasan layin, domin su ne abin da aka sadaukar.

Jerin ba shi ne hukunci ba. Lissafin yana fifita cutar da ke kama mutane da yawa, don haka cututtukan da ba su cika yawa ba za su riƙa faɗowa ƙasa. Bai san talaka da mai hali ba, sai in an ƙara masa nauyi da gangan. Ba ya auna horar da matasan masu bincike ko ƙarfafa ɗakunan gwaji, abubuwan da tsarin Martin Buxton da Stephen Hanney na Jami'ar Brunel, na 1996, ya lissafa cikin amfanin bincike. Kuma yana amsa tambayoyin da aka kawo masa ne kaɗai. Shi ya sa ƙungiyar James Lind Alliance, tun 2004, ke zaunar da majinyata da masu jinya da likitoci su fitar da tambayoyi goma da suka fi damunsu. Kwamiti yana da ikon ɗaga wata shawara sama da matsayinta saboda ɗaya daga cikin waɗannan dalilai. Sharaɗin shi ne ya rubuta dalilin, ya kuma rubuta QALY nawa aka bari saboda shi, a ajiye takardar inda mai neman tallafin da aka ƙi zai iya karantawa.

Idan hukumarku ba ta taɓa yin wannan ba, kada ku fara da shawara hamsin. Ɗauki biyar ko shida daga zagayen bana, a ba masanin tattalin arzikin lafiya ɗaya da masanin ƙididdiga ɗaya, su yi gajeren lissafin mataki na 3 zuwa na 6 kafin ranar zama. A ajiye cikakken samfuri da mataki na 7 da na 8 don shawarwarin da suka fi tsada, ko waɗanda suka tsaya daf da layin yankewa. Bayan shekara uku a buɗe fayil ɗin, a duba waɗanne ƙiyasi ne suka yi daidai, musamman tsawon lokacin binciken da yawan asibitocin da suka sauya aikinsu, a gyara alƙaluman zagaye na gaba da abin da aka gani.